Rabin Galan a Hanyar Barikin Ladi

Sallama gare ku, masu bibiyata. Ku da kuka cika mini waya da tambayar yadda aka yi mace ta sayi mota da shanunta, amma aka mayar da ita kujerar baya, to ku gyara zama. Yau zan faɗa, kuma ba wanda zan shafa wa mai a baki.

Sunana Jummare. A shekarar saba'in da takwas ina da ashirin da huɗu, ina koyarwa a wata firamare can bayan Bukuru, ina zaune a gidan ƙanen mahaifina, Bappayo, a unguwar Abatuwa cikin Jos. Mahaifina direban babbar mota ne a wani kamfanin kuza. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, sai ya huce a kaina. Tun ƙafata ba ta kai kuloci sai an sa mini matashi a baya yake sakin mini sitiyari a filin kuza, ina zagaye yana dariya. Da ya rasu, abin da ya bar mini ke nan, hannun tuƙi. Lasin tuƙi kuwa ni na je na yi abina ina kwalejin horon malamai.

Sai kuma shanuna. Ranar sunana kakata ta ba ni karsana, kamar yadda ake yi a danginmu, ita kuma ta yi ta haihuwa. Da na gaji da tsayuwa jiran mota a Taminus cikin ruwan Agusta, ina isa aji atamfata na ɗiga, haƙorana na kaɗawa, hedimasta na duban agogo, sai na ce wa Bappa a sayar da su. Mota nake so. Ƙarama, ta hannu, wadda ba ta shan mai, domin a shekarar nan layin mai ya fi layin asibiti tsawo.

Goggo Hajjo, yayar mahaifina, ita ke juya gidan. Tana zaune kan tabarma tana tsince shinkafa ta ɗago ta dube ni tun daga ɗankwali har silifas.

"Mota? Ke? To ki haɗa da wando da gemu, a san mun yi namiji."

"Goggo, ai sanyi ne yake kashe ni."

"Sanyi bai kashe uwarki ba, kuma da ƙwarya a ka take shiga garin nan."

Wanda ya tsaya mini a ranar shi ne Gwadabe. Ku riƙe sunan nan da kyau.

Gwadabe dillalin shanu ne a kara, yana haya a Kongo-Rasha, kuma an riga an sa mana rana bayan damina. Ba wanda ya tilasta ni, kada ku ce. Ni na so shi, so irin na wauta. Dogo ne, baƙi mai sheƙi, kullum cikin safari mai ruwan toka da takalmi mai tudu, gashin nan an taje shi ya tashi, babur ɗinsa ja yana walƙiya. Ku 'yan yanzu saƙo kuke turawa ta waya. Mu a rediyo ake yi mana. Duk Lahadi sai an karanto katinsa a filin gaisuwa: daga Gwadabe na Kongo-Rasha zuwa ga Malama, fitilar Abatuwa. Nakan rungume rediyon a kan gadona mai rumfa, in ji kamar ba ni da nauyi.

Shi ya durƙusa gaban Bappa ya ce, "Bappa, a bar ta ta saya. Zamani ne ya zo da shi. Ni zan tsaya a kan komai."

Bappa ya yarda, ya sayar da shanun, ya riƙe kuɗin a wurinsa sai an ga motar.

Abu ɗaya ya faru a kara ranar da aka sayar da su. Gwadabe yana tsakiyar abokansa ya ce, "Ai in mun yi aure ni zan riƙa kai Malama makaranta." Ni kuwa bakina bai da birki, na ce, "Kai da ba ka bambance giya ta biyu da ribas ba?" Wurin ya kaure da dariya. Shi ya fi kowa ƙyaƙyatawa, har da dukan cinya. Na koma gida ina jin daɗin na samu miji mai ɗaukar wasa.

Wanda zai duba mini mota shi ne Baba Pwajok, bakaniken da ya yi aiki da mahaifina a kamfanin kuza, yanzu yana da garejinsa a ƙarƙashin wani mangwaro a Anguwan Rukuba. Ya haura hamsin, gajere, kansa ya yi furfura, yana da wata tsohuwar kwat mai kauri da ba ya rabuwa da ita. Hausarsa irin ta Jos ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa.

"Jummare, kai ka saurara," in ji shi. "Fenti ƙarya ne. Mai mota zai rantse maka ba ya shan mai, shi ma ƙarya ne. Rabin galan ne kawai ba ya ƙarya."

Ga yadda yake yi. Zai zura tiyo ya zuƙe tankin, ya tayar da injin ya bar shi ya mutu da kansa, sannan ya zuba rabin galan cif. Sai mai saye ya kama sitiyari, shi yana gefe yana sauraron injin, a miƙe hanyar Bukuru ba tsayawa har motar ta mutu. Inda ta mutu, nan ne gaskiyarta. Amma dole wani ya biyo baya a babur da galan cike, in ba haka ba a kwana a hanya. Gwadabe ya ce ai wannan aikinsa ne. Ya ɗaure galan a bayan babur da robar taya.

Ta farko Fijo ce ta wani mai sayar da kayan gyara, Obiajulu. Gwadabe yana ganinta ya hau shafa bonet.

"Malama, wannan ita ce motar magidanci. Dubi ƙirji!"

Ƙirji kam akwai, amma ta sha wuya a hannun 'yan haya kafin ta zo nan. Sitiyarin sai da ƙarfin kafaɗa, kuma muna shiga Bukuru ta fara tari ta mutu a gaban masu gasa masara. Kafin in buɗe ƙofa Gwadabe ya iso da galan yana murmushi.

Ta biyu Bitil ce ta wani tsohon akawu. Ita ta yi ƙoƙari, ta kusa Mararrabar Jama'a. Sai dai ƙasanta ya ci tsatsa, in aka shiga ruwa har idon sawu yake fantsamo maka, ga ƙara a bayan kunne kamar injin markaɗe. Nan ma Gwadabe yana manne da mu, ko minti biyar ba mu jira ba.

Ta uku, wayyo ta uku.

Datsun ce 'yar ƙarama mai ruwan sararin sama, ta wata nas, Sista Ana, a nan Anguwan Rukuba. Za ta tafi ƙaro karatu waje, shi ya sa ta sa mata kuɗin da shanuna za su iya. Kujerun baƙaƙe ne ba yagewa ko ɗaya, ta shimfiɗa musu saƙar hannu fara, cikin yana ƙamshin sabulu. Ranar Asabar ce. Na sa atamfata kore mai zanen ganye, da farar suwaita, da gyale ruwan madara, na ɗaura agogona. Sista Ana ta miƙo mini makulli ta ce, "Malama, ki bi ta a hankali, ba ta son faɗa."

Ban san yadda zan gaya muku ba. Na taɓa giya da yatsa biyu ta shige. Na ɗan taka totur ta amsa tun kafin in gama tambaya. A kwanar nan ta fita gari na juya sitiyari ta bi ni kamar ta san inda zuciyata ta nufa. Iska mai sanyi tana shigowa tana kaɗa gyalena, duwatsu sun yi kore shar, ga shingen kerana yana wucewa. Tun rasuwar mahaifina ban ji daɗi irin na wannan rana ba. Ina tuƙi ina dariya ni kaɗai.

Baba Pwajok ya rufe ido ya karkata kai. "Ka ji? Ka ji yadda yana numfashi? Wannan mota mace ne ya riƙe shi."

Har Bukuru ina hango Gwadabe a madubi cikin rigar ruwansa rawaya. Bayan Bukuru na duba ban gan shi ba.

"Baba, ba ya bayanmu."

"Zai zo. In ka tsaya yanzu gwaji ya lalace. Ai ya san hanya."

Muka wuce masu masara inda Fijo ta mutu. Muka wuce inda Bitil ta tsaya. Muka wuce Mararraba muka ɗauki hanyar Barikin Ladi, gidaje suka ƙare, sai gonakin dankali da acca da tsofaffin ramukan kuza cike da ruwa. Ita kuwa tana ta tafiya abinta. Sai can a kan wani tudu, inda ba gida ba rumfa ba ko akuya, ta yi ajiyar zuciya ta tsaya. Baba Pwajok ya buga tafi.

"Saya! Ko bashi ne ka saya! Rabin galan ya kawo mu nan?"

Masu karatu, ku lura da wannan. Da mai shan mai na zaɓa, da a tsakiyar Bukuru za ta mutu, a gaban mutane ɗari. Kyan zaɓena ne ya kai ni inda ba shaida.

Hadari ya haɗo daga gabas, ruwa ya sauko irin na Filato, mai haɗe da iska. Muka ɗaga gilasai. Suwaitata ba ta yi mini komai ba, jikina ya hau ɓari. Baba Pwajok ya tuɓe kwat ɗinsa ya ce in rufa, ya zauna da singileti yana hura hannu. Numfashinmu ya rufe gilasan da hazo har ba a ganin waje. Ya yi ta ba ni labarin mahaifina, yadda suka taɓa kafewa a laka kwana biyu suna cin rogo ɗanye, ina dariya ina share hawaye. Azahar ta wuce, la'asar ta yi. Ni duk tsorona kada babur ya kayar da Gwadabe a santsi. Har addu'a na yi masa.

Sai na ji ƙarar babur. Na ce alhamdu lillahi. Sai kuma na ji wata ƙarar a bayansa.

Aka fizge ƙofata. Gwadabe ne, ruwa na zuba daga rigarsa. Bayansa akori-kura ce ta kara. Bappa ya fito daga gaba, Goggo Hajjo na biye da shi da lema, a baya kuma abokansa uku suka diro, waɗannan dai da suka yi dariya ranar nan.

Gwadabe bai ɗaga murya ba. Ya ja da baya don kowa ya gani, ya ce, "Bappa, ga su nan. Na so a ce ƙarya idona ya yi mini."

Ku dubi abin da suka gani. Mota a daji, gilasai a rufe sun yi hazo, ni cikin kwat ɗin namiji idona jajur, shi da singileti.

Goggo ta saki salati ta ɗora hannu a ka. "Jummare! A daji? Da sa'an ubanki?"

"Goggo, mai ne ya ƙare! Gwaji ne, shi ya kamata ya biyo mu da galan!"

"Na biyo," in ji Gwadabe, a hankali, kamar mai jin ciwo. "Daga Bukuru suka taka wuta suka tsere mini. Babur zai kamo mota? Tun ba yau ba nake ganin take-taken, na yi shiru don kunya."

Na duba bayan babur ɗin. Galan yana nan ɗaure da robarsa, cike, ruwa na gangarowa a jikinsa. Na nuna shi ina ihu, ba wanda ya juya.

Baba Pwajok ya fito cikin ruwan, ya fuskanci Bappa. "Alhaji, ka ji tsoron Allah. Yaron nan ni na ɗauke shi a kafaɗa yana shan nono. Baban shi ɗan'uwana ne."

Ɗaya daga cikin abokan ya hankaɗe shi ya faɗi zaune a cikin taɓo. Bappa bai ce a bari ba. Ya dube ni sau ɗaya, irin kallon da yake yi wa saniyar da ta karye a hanya, ya ce, "Cire rigar nan." Na cire. Goggo ta karɓa da yatsa biyu ta jefar a kwalta.

Gwadabe ya kwance galan ya juye a tanki a gabana, bai ko ɓoye ba. Ya ba wani abokinsa babur. Goggo ta tura ni kujerar baya ta zauna a gefena ta danne mini gyale da cinya. Baba Pwajok kuwa a nan aka bar shi, yana tsintar kwat ɗinsa a cikin ruwa.

Tun daga tudun nan har Jos Gwadabe yana murƙushe giya, motar na kuka, ni ina ji a haƙorana. Sau uku tana mutuwa a hannunsa. Da muka iso ƙofar gida Goggo ta fita, sai ya gyara madubi ya kamo idona a ciki.

"Malama, wallahi kin iya zaɓe. Ba ta shan mai ko kaɗan." Ya ɗan taɓa giyar. "Wannan ce ribas ɗin, ko?"

Kafin magariba labarin ya gama Abatuwa, har da ƙarin gishiri. Washegari Bappa ya tara mu a zaure. Gwadabe ya zo da farar riga, ya sunkuyar da kai ya ce shi ya yafe, aure yana nan, ba zai tona asirin gidan da ya ci tuwonsa ba. Goggo ta fashe da kuka tana sa masa albarka. Ta juyo kaina ta ce, "Ki durƙusa ki gode. Wa kike zaton zai kwashe ki yanzu?"

Bappa ya biya Sista Ana da kuɗin shanuna, domin ya riga ya ba da baki, kuma motar ai ba ta yi laifi ba. Ya ɗauki makullin ya sa a tafin Gwadabe. "Kai ne mai ita. Ita kuma in na sake ganin hannunta a sitiyari, ba ni ba ita."

Gidan hayar Gwadabe ba wurin ajiya, sai aka riƙa kwantar da ita a gidanmu, ƙarƙashin gwaba, daidai tagar ɗakina. Da safe ya zo ya ɗauka, ni in bi ta gefenta da lemata in tafi Taminus. Ya cire saƙar Sista Ana ya shimfiɗa buzu. Mutanen Abatuwa suka janye motocinsu daga garejin Baba Pwajok. Ranar Lahadi kuma aka karanto katinsa a rediyo kamar kullum, fitilar Abatuwa. Na kashe rediyon, na tura shi ƙarƙashin gado.

Ana gobe za ta tashi, Sista Ana ta zo sallama, wai ta kawo jak ɗin motar da ta manta. Goggo ta tsare mu da ido daga bakin madafa. Da Sista za ta tafi ta kama hannuna ta matse, na ji wani abu mai sanyi a tafina.

"Kowace mota makulli biyu gare ta," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ni ke na sayar wa."

Na ɗaure shi a bakin zanena. Ina wanka da shi, ina salla da shi, ina jira.

Wata Juma'a aka yi suna a dangi, gida ya watse, Bappa ya tafi masallaci, Gwadabe ya ajiye motar tun hantsi ya ce za su tafi masallaci da abokai. Na fito ba takalmi. Ba gudu zan yi ba, wallahi. So nake in kai ta garejin Baba Pwajok in durƙusa in ba shi haƙuri, in dawo, ko da Bappa zai yanka ni. Na shiga, na jawo kujerar gaba daidai ƙafata, na dafa sitiyarin. Na murɗa makulli.

Ta tashi. Ta yi numfashin nan nata mai laushi. Na taka kuloci, na sa giya, sai ta yi tari biyu ta mutu. Na sake murɗawa. Na sake. Allurar mai tana kwance a ƙasa ba ta ko motsi.

"Kada ki kashe mini batir, Malama."

Gwadabe ne, yana jingine a ƙofar zaure cikin babbar rigar Juma'a, tiyo na rataye a wuyansa, yana cin gyaɗa. Ya tako a hankali ya leƙo ta taga.

"Duk sanda na ajiye ta sai na zuƙe tankin. Ɓarayin mai sun yi yawa a garin nan." Ya watsa gyaɗa a baki. "A wurin bakanikenki na koya. Mutumin ya san aiki."

Idonsa ya sauka kan makullin. Na damƙe shi, na shirya cizo in ya kai hannu. Sai ya yi dariya, irin waccan ta kara.

"A'a, riƙe abinki. Ki riƙa shiga kina zama in kin ji marmari, ni ba na hana ki. Kin ga ma inuwa ce."

Ya juya ya tafi yana kaɗa tiyo. Na zauna a cikin motar da shanun kakata suka saya, hannuna biyu a kan sitiyari, ina kallon bangon gidanmu har aka sauko daga masallaci. A nan son da nake yi masa ya ƙare ƙaf, ban ko yi kuka ba.

Ranar Litinin da na taso daga makaranta ban sauka a Taminus ba. Na sauka wurin masu sayar da mai a bayan fage, na miƙa kwalbar kananzir ɗin fitilata na ce a cika. Mutumin ya ce, "Malama, wannan fetur ne fa." Na ce na sani. Na naɗe ta a gyale, na wuce Goggo tana tankaɗe a tsakar gida, na tura ta bayan akwatunan lefen Gwadabe, kusa da ashana.

A tanki zan zuba shi, ko a kan buzun nan da kujerun, wallahi a ranar ni kaina ban sani ba.